Muhawara: ruwan maniyyi ne ke sa dabba ta saki ƙwai, ko barbarar ce?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna wani batu da ake wucewa a gurguje alhali yana da zurfi. Mun saba jin cewa aikin ruwan maniyyi shi ne ya ɗauki ƙwayoyin haihuwar namiji ya kai su mahaifa, shi ke nan. To a raƙuma abin ya wuce haka. Taguwa ba ta sakin ƙwai don kanta kamar yadda saniya da tunkiya da goɗiya ke yi. Ƙwan zai girma cikin 'yar jakarsa a gidan ƙwai har ya nuna, in ba a yi barbara ba sai ya shanye, wani ya taso. Abin da ke sa ta sake shi wani furotin ne da ke cikin ruwan maniyyin amale, shi ruwan zalla, ko da an tace ƙwayoyin an fitar. Haka yake a danginsu na Kudancin Amurka, lama da alfaka. A ganina ruwan nan saƙo ne da jikin namiji ke aika wa ƙwaƙwalwar mace, kuma ya kamata a riƙa koyar da shi haka. Me kuka gani?

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam. Nura ɗana, ban ƙi taka ba, amma ka yi saurin yanke hukunci. Duk wanda ya kiwata zomaye ya san zomanya sai an bi ta take sakin ƙwai. Mage ma haka. Kuma abin da aka sani tun da shi ne motsin barbarar ne ke tayar da jijiyoyi, su kai labari ƙwaƙwalwa. Me zai sa raƙumi ya fita daban? Dabbar da ke durƙushe ana barbara na tsawon mintuna, ai motsin ya isa ya yi aikin.

Dakta Hadiza: Malam, abin da ka faɗa a kan zomo da mage daidai ne. Tun 1905 Walter Heape a Ingila ya bayyana cewa zomanya na sakin ƙwai kimanin awa 10 bayan barbara. Muzuru kuwa akwai 'yan ƙayoyi a gabansa da ke kartar macen lokacin da yake janyewa, shi ya sa ake jin wannan ƙarar tata, kuma sau da yawa barbara ɗaya ba ta isa, sai an maimaita. Shekaru masu yawa an ɗauka raƙuma ma a wannan layin suke, har ana cewa gurnanin da namijin alfaka ke yi da riƙon da yake wa macen da ƙafafunsa su ne ke jawo sakin ƙwan.

Abin da ya fara girgiza wannan fahimta ya fito ne daga ƙasar Sin a 1985. Masu bincike suka zuba maniyyi a jikin taguwoyi masu tozo biyu ba tare da namiji ya kusance su ba, 87 cikin 100 suka saki ƙwai. Sai maganar ta kwanta kusan shekara ashirin, ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci sosai. A 2005 Gregg Adams da Marcelo Ratto na Jami'ar Saskatchewan a Kanada suka dawo da ita. Suka tace maniyyi, suka ɗauki ruwan zalla, suka yi wa matan alfaka allurarsa a tsoka. 13 cikin 14 suka saki ƙwai. Waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri kuwa, su ma 14, ko ɗaya. Malam, a tsoka fa aka yi allurar. Ba barbara, ba gurnani, ba a ko taɓa mahaifa ba.

Malam Isiyaku: Dakta, allura daban, abin da ke faruwa a garke daban. Namiji ai ba allura yake yi mata ba. In an isa a zuba a mahaifa a gani.

Dakta Hadiza: An zuba, kuma a nan ne maganarka ke da ƙarfi. A gwajin farko da suka zuba ruwan a mahaifa, ba wadda ta saki ƙwai. Wannan ya ɗaure musu kai, sai suka koma suka dubi yadda barbarar alfaka take. Macen na durƙushe, ana ɗaukar minti 20 ko fiye. Kan gaban namijin akwai ɗan guringuntsi, da shi yake ratsa bakin mahaifa ya shiga har cikin rassanta biyu, yana fitar da maniyyin kaɗan-kaɗan tsawon lokacin. In aka duba mahaifar bayan an gama za a tarar fatar cikinta ta ƙuje, ta yi ja, ta ɗan kumbura. Sai suka ƙara yawan ruwan suka sake gwadawa. Da aka zuba kawai, 41 cikin 100 suka saki. Da aka ɗan kankare fatar mahaifar tukuna, ya hau 67 cikin 100. Allurar tsoka ta ba da 93. Wato ƙujewar nan ita ke buɗe wa sinadarin hanya ya shiga jini.

Malam Isiyaku: To ka ji, Nura. Ashe barbarar na da nata aikin.

Nura: Tana da shi Baba, ban musa ba. Amma akwai gwajin da ya raba gardama, an buga shi a 2016. An yi wa wasu mazan lama tiyata aka karkatar da hanyar fitar maniyyi ta yadda zai zuba a waje. Namijin zai hau, ya yi gurnaninsa, ya shiga mahaifa, ya yi duk abin da ya saba, sai dai ba ruwan da ya shiga. Matan da suka bi, ko ɗaya ba ta saki ƙwai ba. Waɗanda lafiyayyun maza suka bi, da waɗanda aka zuba wa isasshen ruwan a mahaifa babu namiji a kusa, mafi yawansu suka saki. Motsi ba ruwa bai yi komai ba, ruwa ba motsi ya yi.

Aminu: Allah mai iko. To wane sinadari ne wannan? An gano shi?

Dakta Hadiza: An gano shi a 2012, kuma wannan ɓangaren ne ya fi burge ni a duk labarin. Rukunin Kanada da wani rukuni a Ostareliya, kowa ta hanyarsa, suka tarar ba sabon abu ba ne. Furotin ne da masana jijiyoyi suka sani tun shekarun 1950, ana kiransa NGF, mai sa ƙwayoyin jijiya su girma su rayu. Rita Levi-Montalcini, 'yar Italiya, ita ta fara gano alamarsa lokacin da take aiki a Amurka a kan 'yan tsakin da ke cikin ƙwai. Abokin aikinta Stanley Cohen ya same shi a dafin maciji, daga baya ya tarar da shi jingim a ƙullin yawun namijin ɓera. Su biyun suka karɓi kyautar Nobel a 1986. Kuma tun wajen 1980 an san akwai NGF mai yawa a gaɓoɓin haihuwar wasu mazan dabbobi, har da maniyyin bijimi. An rubuta, an ajiye, ba a haɗa shi da sakin ƙwai ba, domin masu nazarin jijiya da masu nazarin haihuwa kowa na ɗakinsa.

Ga yadda yake aiki a lama. Ya shiga jini ta fatar mahaifa. Cikin mintuna sai LH, wato homon (sinadarin saƙo da ke tafiya cikin jini) mai sa jakar ƙwai ta fashe, ya fara hawa daga ƙullin fitutari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, ya kai ƙololuwa cikin 'yan awanni. Bayan kimanin awa 30 jakar ƙwan ta fashe. In aka ba macen maganin da ke toshe GnRH, wato homon ɗin da ƙwaƙwalwa ke umartar fitutari da shi, to NGF ba ya iya tayar da LH. Wannan ya nuna ta ƙwaƙwalwa yake bi. Sharaɗi ɗaya: dole a samu jakar ƙwai da ta isa, a lama da alfaka milimita 7 zuwa sama. In babu, ko nawa aka zuba ba abin da zai fita.

Bai tsaya nan ba. Bayan ƙwan ya fita, gurbinsa na rikiɗa ya zama wani ƙulli rawaya mai samar da furojestaron, homon ɗin da ke riƙe ciki. An ga cewa ƙullin da ya biyo bayan NGF ya fi samun jini, ya fi ba da furojestaron, in aka kwatanta da wanda ya biyo bayan allurar GnRH.

Aminu: To Dakta, in akwai shi a maniyyin bijimi, ke nan a mutum ma akwai? Domin in haka ne, an samu amsar abin da ya daɗe yana damun mutane. Mace ta lissafa kwanakinta tsaf, ta kauce wa ranakun haɗari, amma ciki ya shiga. Ashe saduwar ce ke jawo ƙwan ya fito.

Maman Khalil: Wallahi tambayar da ke raina ke nan tun ɗazu. Don Allah a yi mana bayani a hankali, akwai mata da yawa a nan da ke karantawa ba sa magana.

Sista Rabi: Aminu ƙanena, dakata. A nan ne irin wannan hira ke zamewa ta cutar da mutane, shi ya sa na shigo. E, akwai NGF a maniyyin ɗan Adam. Amma samun sinadari a wuri bai nuna yana yin aikin da yake yi a wata dabba ba. Mace 'yar Adam agogonta a jikinta yake. Jakar ƙwai na girma tana fitar da homon ɗin istirojin, in ya taru ya kai wani matsayi shi ne ke sa LH ya yi tsalle, bayan kamar kwana ɗaya da rabi ƙwan ya fita. Budurwa na yin wannan. Bazawara na yi. Wadda mijinta ya yi tafiyar shekara na yi duk wata. Taguwa kuwa istirojin nata na hawa, amma ba ya kunna LH, sai saƙo ya zo daga waje.

Batun lissafin kwana kuma yana da amsarsa ba sai an je ga raƙumi ba. Ƙwayoyin maniyyi na iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, ƙwan kuma awa 12 zuwa 24. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1995 a kan mata 221 ya nuna kwana 6 ne ake iya ɗaukar ciki, na ƙarshensu ranar sakin ƙwan. Sannan ranar sakin ba ta tsaya a kwana na 14 ba. Rashin lafiya, damuwa, shayarwa, rama, duk na iya matsar da ita, ko a macen da al'adarta ke zuwa a kan kari. Ga tazara mai faɗi, ga rana mai yawo. Wannan ya ishi ya rushe lissafi.

Aminu: Na ji Sista. Amma na karanta cewa akwai likitocin da suka yi da'awar saduwa na iya gaggauta sakin ƙwai a mata.

Sista Rabi: An yi da'awar, musamman a shekarun 1970, kafin a samu na'urar hoton ciki da ake bin jakar ƙwai da ita kullum-kullum. Ba ta tabbata ba. Kuma ka lura da abin da ake yi a asibitocin neman haihuwa. In za a zuba maniyyi kai tsaye cikin mahaifa, wanke shi ake yi tas a raba ƙwayoyin da ruwan, domin ɗanyen ruwan na ɗauke da sinadaran furostagalandin masu sa mahaifa murɗawa mai tsanani. Ana wankewa, a zuba, kuma ciki na shiga. Maman Khalil, abin da nake so mata su riƙe shi ne kada wadda ke neman haihuwa ta ɗauka rashin sakin ƙwai laifin ruwan mijinta ne, kada kuma kowa ya sayi wani abu da sunan sinadarin raƙumi mai sa ƙwai ya fito. In ƙwai ba ya fita, akwai gwajin jini da hoto da ke nunawa, akwai magani.

Maman Khalil: Allah ya saka da alheri Sista. Hankalina ya kwanta.

Nura: Sista ta yi gaskiya, kuma ban buɗe maganar don a kai ta can ba. Sai dai ina ƙin a raba dabbobi gida biyu cak, waɗannan nasu da kansu, waɗancan sai an tayar. Akwai na tsakiya. Alade na sakin ƙwai da kanta, amma a Jamus a shekarun 1990 an nuna in aka zuba ruwan maniyyi a farkon lokacin neman barbara, sakin na matsowa da awanni. Abin sha'awa, da aka zuba a reshe ɗaya na mahaifa, gidan ƙwan da ke wannan ɓangaren ne ya riga ɗayan. Ka ga wannan ba ta ƙwaƙwalwa ya bi ba, a nan kusa ya yi aikinsa. Kuma maniyyin namijin alade cike yake da istirojin. Mage kuma da muka ce sai an bi ta, wasu na sakin ƙwai ba namiji. Koala ta Ostareliya ana ganin da motsin da maniyyin duk suna da hannu.

Dakta Hadiza: In ƙara maka biyu. An ɗauki ruwan maniyyin bijimi aka yi wa lama allura, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu suka saki ƙwai. Amma ita saniya, NGF ba ya sa ta saki. Abin da wasu gwaje-gwaje suka nuna shi ne yana ɗan ƙarfafa ƙullin rawayan nan da furojestaron ɗinsa. Na zomo ya fi ban mamaki. Ruwan maniyyin zomo ya sa lama ta saki ƙwai, amma da aka yi wa zomanya allurarsa bai yi mata komai ba. Makulli ɗaya ne, ƙofofin ne suka bambanta. Bambancin a jikin macen yake.

Malam Isiyaku: To zomo dai ya tsaya a inda na bar shi. Amma bari in kawo wata. Tumakin da suka daɗe ba rago, in aka sako musu shi, cikin ɗan lokaci sai ka ga sun soma nema kusan tare. Shi ma NGF ɗin ne?

Dakta Hadiza: A'a Malam, wannan ta hanci ne. Warin jikin ragon, daga gashinsa, shi ke tayar da LH, kuma cikin kwana 2 zuwa 3 tumakin na sakin ƙwai ko bai hau ko ɗaya ba. Sakin farkon ma yawanci ba alamar nema a tare da shi, sai zagaye na gaba. Duk hanyoyin uku, wari da motsi da NGF na maniyyi, wuri ɗaya suke komawa, wato GnRH.

Usman: Ni ta fuskar hikimar abin nake kallo. Dabbar da ke rayuwa a sahara ko kan tsaunukan Andis, garke a warwatse, haɗuwa da namiji ba kullum ba. Taguwa cikinta wata 13 ne. In ta saki ƙwai a banza ranar da ba namiji, asara ce babba. Gara ƙwan ya jira.

Nura: Bayanin na da daɗin ji, Yaya Usman, kuma masana da dama sun faɗi irinsa. Amma ka yi hattara da shi. Zomaye a cunkushe suke rayuwa, namiji ba ya wuya, kuma su ma sai an bi su. Lama da danginta na daji ma namiji ɗaya ne ke tare da matansa kullum. Akwai ma masu ganin cewa sakin ƙwai ta dalilin barbara shi ne tsohon tsari a dabbobi masu shayarwa, irin namu ne ya zo daga baya. In haka ne, tambayar ta juya ke nan.

Sista Rabi: Tunda an zo nan, kada a ce na rufe ƙofa gaba ɗaya. Ruwan maniyyi na magana da jikin mace ta wata fuskar, ta garkuwar jiki. Ɗan tayi rabinsa na uba ne, baƙo ne a wurin garkuwar uwa. Rukunin Sarah Robertson a Jami'ar Adelaide sun daɗe suna nuna cewa sinadarai irin su TGF-beta da ke cikin ruwan na horar da garkuwar mace ta yi haƙuri da baƙon. A 2014 suka buga gwajin ɓeraye da aka cire wa mazan jakar da ke samar da mafi yawan ruwan. Ɗaukar ciki ya ragu, mabiyiya ta canza, 'ya'ya maza da aka haifa suka taso da ƙiba da matsalar sukari da hawan jini. A ɓera ne fa, na jaddada. Amma ya ishe ni in yarda da Nura cewa ruwan ba ɗan dako ba ne kawai.

Malam Isiyaku: To mu masu dabba, mene ne namu a ciki? Ilimin da ba ya shiga garke nauyi ne.

Dakta Hadiza: Akwai naku sosai. Na farko, ba kowace taguwa da ta durƙusa wa amale ba ce ke shirye. A taguwa mai tozo ɗaya, aikin da Lulu Skidmore ta yi a cibiyar haihuwar raƙuma ta Dubai ya nuna jakar ƙwai ta fi amsawa in tana tsakanin santimita 0.9 da 1.9. In ta wuce ta yi girma da yawa, barbarar na tafiya a banza. Shi ya sa inda ake da na'ura ake dubawa kafin a haɗa su.

Na biyu, baye ta hanyar zuba maniyyi, wanda ya zama ruwan dare a shanu, a raƙuma yana da wuya. Maniyyinsu kauri ne da shi da yauƙi, in ka taɓa shi da tsinke ka ɗaga sai ya biyo kamar zare, ƙwayoyin na maƙale a ciki suna motsi a wuri ɗaya. Kafin a adana shi sai an tsinka shi ko an wanke, kuma yin hakan na rage sinadarin da ke sa a saki ƙwan. Don haka ake haɗawa da allurar GnRH. Masu kiwon zomaye na zamani ma ita suke yi, su kuma don ba motsin barbara.

Na uku, alamar ko ƙwan ya fita. Masu alfaka na kawo namiji kusa da macen bayan mako guda. In ta durƙusa, ba a dace ba. In ta kwantar da kunne ta tofa masa yawu ta guje, furojestaron ya hau ke nan, ƙwan ya fita. Taguwar da ta ɗauka kuwa, bayan kamar mako biyu, in amale ya doso sai ta ɗaga wutsiya ta lanƙwasa sama.

Usman: Dakta, namijin da aka dandaƙe fa? Ruwansa zai yi aikin?

Dakta Hadiza: Ka raba biyu. Wanda aka ɗaure wa jijiyar da ƙwayoyin ke bi kawai, maraina na nan, yana hawa, kuma yana sa mace ta saki ƙwai ba tare da ta ɗauki ciki ba, domin a lama NGF ɗin galibi daga furostet, ƙullin da ke kusa da mafitsara mai samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi, yake fitowa, gaba da inda aka ɗaure. Ana ma amfani da irinsu da gangan a wuraren dashen ɗan tayi, don a daidaita lokacin matan da za a dasa wa. Wanda aka dandaƙe kuwa ya rasa homon ɗin mazantaka, sha'awarsa ta faɗi, furostet ɗin da sauran ƙullayen da ke samar da ruwan su motse. Muzurun da aka fiɗiye ma ƙayoyin nan na gabansa ɓacewa suke yi cikin makonni.